Azumin Rage Ƙiba: Abin da Ya Kamata Mutanen Zongon Lome Su Sani Kafin Su Gwada

  

'Yan uwa, a 'yan shekarun nan wani salon rage ƙiba ya shigo mana ta wayoyin hannu, yana yawo a WhatsApp da TikTok da Facebook. Masu Faransanci suna kiransa jeûne intermittent, mu kuma a nan za mu kira shi azumin rage ƙiba. Ma'anarsa mutum ya ware wasu awoyi a kowace rana, ko wasu ranaku a mako, ya ƙaurace wa abinci don ya rage nauyi kuma ya gyara lafiyarsa. Da yake kalmar azumi ta fito a ciki, Musulmi ya fi kowa saurin karkata gare shi, domin abu ne da muka taso muka tarar a gidajenmu.

Tambayoyi uku ne suka fi dacewa a amsa kafin mutum ya fara. Shin abin yana aiki? Shin azumi ne da ake samun lada a kansa? Su wa ya kamata su nisance shi? Amsar ta farko a taƙaice ita ce: yana aiki gwargwadon yadda ya rage abin da ke shiga ciki. Agogo mataimaki ne kawai. Wanda ya yini da yunwa sannan ya rama da dare, ya gudu ne bai tsira ba.

Me ya sa maganar ta shafe mu

Kakanninmu da suka kafa zangunan wannan yanki fatake ne. Sun ɗauko goro daga Gwanja sun bi ta Sansanin Mango zuwa ƙasar Hausa, sun koro shanu daga arewa zuwa bakin teku, duk a ƙafa. Mai wannan tafiya ba ya tara teɓa ko da ya ci tuwo malmala uku. Yau rayuwa ta sake. Tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome a 1977 aka mayar da jama'a arewacin gari, inda yanzu ake kira Agoè-Zongo, zirga-zirgarmu zuwa kasuwa da wurin aiki ta koma kan zemijan da mota. Ɗan kasuwa yana yini zaune a shago, tela a kan keken ɗinki, ɗalibi a kan benci. Cin kakanni muka riƙe, har muka ƙara masa sukari da mai, amma tafiyarsu mun bar ta.

Sakamakon ya fito a alƙaluma. Binciken lafiya na ƙasa da ake kira STEPS, wanda Togo ta gudanar bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya nuna a 2010 kashi 19 cikin 100 na manya suna da hawan jini, kashi 2.6 kuma suna da ciwon sukari. Da aka maimaita shi a 2021, hawan jini ya kai kashi 27.4, ciwon sukari ya kai kashi 4.9. Ƙiba tana cikin manyan abubuwan da ke jawo cututtukan nan biyu, su kuma su ne ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da ciwon zuciya. A duniya baki ɗaya, hukumar ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas yana fama da ƙibar da ta wuce ƙima.

A al'adarmu idan Alhaji ya ajiye tumbi sai a ce hutu ya zo, idan Hajiya ta yi jiki sai a ce maigida ya iya kiwo. Likitoci kuwa suna da ma'auni. Ana ɗaukar nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsawonsa a mita bayan an ninka tsawon da kansa. Mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 90, lissafinsa zai ba da 31. Daga 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya yi yawa, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce da ake lissafawa cikin cuta. Akwai kuma awon ƙugu da tef ɗin tela: idan ya kai santimita 94 ga namiji ko 80 ga mace, kitsen ciki ya fara taruwa, shi ne kuma kitsen da ya fi haɗari.

Nau'o'in azumin rage ƙiba

Uku ne suka fi shahara. Na farko shi ne taƙaita lokacin ci a kowace rana. Wanda aka fi sani a cikinsa ana ce masa 16:8, wato awa 16 babu abinci, sai a ci duk abin da za a ci cikin awa 8. Wasu suna sassautawa zuwa awa 14 ko 12.

Na biyu ana ce masa 5:2. Mutum zai ci abinci yadda ya saba kwana biyar a mako, a sauran kwana biyun kuma ya tsaya a kalori 500 idan mace ce, ko 600 idan namiji ne, wato kamar rubu'in abin da jiki ke bukata a yini. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Wani ɗan jaridar Birtaniya da ya karanta likitanci, Michael Mosley, shi ya yayata wannan tsari a wani shirin talabijin na BBC a 2012.

Na uku shi ne tsallaken rana: yau a ci, gobe a ƙaurace ko a ci ɗan kaɗan, jibi a ci.

A dukkansu ana shan ruwa yadda ake so, ana kuma iya shan shayi ko gahawa marasa sukari da madara. Wannan shi ne babban abin da ya raba su da azumin da muka sani a Shari'a.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Idan muka ci tuwo ko shinkafa ko burodi, jiki yana mayar da su sukari ya shiga jini. Nan take wani sinadari mai suna insulin yake fitowa ya buɗe wa sukarin ƙofa ya shiga tsoka da hanta. Hanta tana ajiye kimanin giram 100 a matsayin guzuri. Abin da ya yi saura bayan rumbu ya cika, sai a mayar da shi kitse.

Idan aka daina ci, insulin yana sauka, jiki ya fara cin guzurin hanta. Daga awa 12 zuwa sama, gwargwadon aikin da mutum ke yi da abin da ya ci a baya, guzurin yana raguwa, sai jiki ya juya ga kitse ya fara narkar da shi. Wannan juyi shi ne ginshiƙin da masu wannan tsari suka dogara a kai, kuma wasu masana biyu na Amurka, Rafael de Cabo da Mark Mattson, sun yi dogon bayani a kansa a mujallar likitoci ta New England a 2019.

Sai dai akwai lissafin da ba ya canzawa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Kitsen da aka narkar da safe zai koma mazauninsa da dare matuƙar abin da aka ci ya kai abin da jiki ya ƙona. Kamar ɗan kasuwa ne da ya ciri kuɗi daga asusu da safe ya mayar da su da yamma: asusun yana nan yadda yake.

Akwai kuma maganar da ake yawan yaɗawa cewa wani ɗan Japan ya ci kyautar Nobel saboda ya gano azumi yana kashe cututtuka. Gaskiyar ita ce Yoshinori Ohsumi ya karɓi kyautar a 2016 saboda gano yadda ƙwayoyin halitta ke narkar da tarkacen cikinsu su sake amfani da shi, kuma ya yi aikinsa ne a kan yis, irin wanda ake kumbura burodi da shi. Kyautar ba a kan azumin ɗan Adam aka ba shi ba. Don haka duk wanda ya ce mana awa 16 na yunwa tana maganin kansa ko tana wanke jini, ya faɗi abin da binciken bai faɗa ba.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

An gwada waɗannan tsare-tsare a kan mutane, an kwatanta su da hanyar da aka saba, wato rage yawan abinci a kullum.

A jami'ar Illinois da ke Chicago, an bi mutum 100 masu ƙiba har shekara guda, aka buga sakamakon a 2017. Masu tsallaken rana sun rage kimanin kashi 6 cikin 100 na nauyinsu, masu rage abinci kullum sun rage kimanin kashi 5.3. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin lura shi ne kashi 38 cikin 100 na masu tsallaken rana sun gaji sun bari kafin shekara ta cika, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 29 ne suka bari.

A 2020 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco sun gwada 16:8 a kan mutum 116 na mako 12. An ce wa rukuni ɗaya su ci daga sha biyun rana zuwa takwas na dare, ba a kayyade musu abin da za su ci ba. Abin da suka rage bai kai kilo ɗaya ba, kusan daidai da waɗanda suka ci sau uku a rana. An kuma lura cewa wani kaso na abin da ya ragu tsoka ce.

A birnin Guangzhou na ƙasar Sin, an raba mutum 139 gida biyu, aka rage wa kowa abinci daidai wa daida, sai dai rukuni ɗaya an ce su ci daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma kawai. Bayan shekara guda, masu kallon agogo sun rage kilo 8, sauran sun rage kilo 6.3, masu binciken kuma suka ce tazarar ba ta kai a dogara da ita ba. An buga wannan a 2022.

Darasin a fili yake. Azumin rage ƙiba hanya ce mai ɓullewa, amma bai fi rage abinci na kullum ba. Amfaninsa yana ga sauƙin kiyayewa: mutumin da ba zai iya auna kowace malmala ba, zai iya riƙe doka guda, wato bayan ƙarfe kaza ba na ci. Wannan doka ita ce ke yanke tsire da shayin dare da ciye-ciyen hira.

Kuma ba sai mutum ya rame ba kafin ya ga amfani. A wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2002, an ɗauki mutane fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo shida da 'yan kai ba.

Darasin da Ramadan ke koya mana

Mu Musulmi muna da gwajinmu na kowace shekara. Lome tana kusa da tsakiyar duniya, shi ya sa tsawon yini ba ya canzawa sosai. Daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana awa 13 ne da 'yan mintoci, ko a wane wata Ramadan ya faɗo. Wata guda cur muna yin haka, to me ya sa da yawanmu muke fitowa Sallah da tumbinmu?

Da aka tattara bincike-binciken da aka yi a ƙasashen Musulmi daban-daban, an ga masu azumi suna rage kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a watan, mafi yawansa kuma yana dawowa cikin 'yan makonni bayan Sallah. Dalilin yana kan tabarmar buɗa-baki. Koko da sukari cokali huɗu, ƙosai da waina da suka sha mai, soɓo mai zaƙi, lemon kwalba, sannan bayan tarawihi a zauna wa shinkafa ko fufu, a rufe da shayi mai madarar gwangwani.

Mu yi ɗan lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babban mutum, wato ƙananan cokula 12. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 kaɗai yana da giram 35. Shayi mai ƙwayar sukari huɗu yana da giram 20 ko fiye. Su biyun nan sun riga sun ƙetare iyaka tun ba a taɓa koko ba. Madarar gwangwani mai kauri, fiye da rabinta sukari ne. Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, yana da kalori kusan 120. Wanda bai gyara wannan ba, ko awa 20 ya yi bai ci ba, ma'auni ba zai motsa ba.

Azumin ibada daban, azumin likita daban

Azumi a Shari'a shi ne kamewa daga ci da sha da saduwar aure daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, da niyyar bauta wa Allah. Wanda ya yi 16:8 yana shan ruwa, ya karya da sha ɗaya na safe, bai yi azumi ba a Shari'a. Ya yi ƙa'idar cin abinci ne, abu ne halal kamar sauran hanyoyin neman lafiya matuƙar bai cutar da kansa ba, kuma idan ya yi nufin samun ƙarfin ibada da neman halal, muna fatan Allah Ya ba shi ladan kyakkyawar niyya. Amma ba zai zama ramuwar Ramadan ba, ba zai zama kaffara ba.

To wanda ya ce zai riƙa azumin Litinin da Alhamis, wanda sunna ce tabbatacciya, yana neman lada kuma yana son ya rage ƙiba fa? Babban malamin Malikiyya, Imam Alƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya tattauna wannan a littafinsa Alfuruƙ. Ya bambanta riya, wato yin ibada don mutane su gani, da haɗa ibada da wata manufa ta halal. Ya kawo misalin mai azumi don jikinsa ya samu lafiya, ya bayyana cewa hakan ba ya ɓata azumin, ya kafa hujja da yadda Annabi (SAW) ya shiryar da samarin da ba su da halin aure zuwa ga azumi don ya kare su. Sai dai ya nuna cewa ibadar da aka tsarkake ta ga Allah kaɗai ta fi lada. Saboda haka mu sa neman yardar Allah a gaba, lafiya ta biyo baya a matsayin riba. Wanda kuwa babu komai a zuciyarsa sai ma'aunin kilo, to abin da ya nema shi zai samu.

Mu tuna kuma a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muke bi, ana ƙulla niyyar azumin nafila tun kafin alfijir, kuma wanda ya karya shi da gangan ba da uzuri ba, zai rama. Don haka mutum ba zai wayi gari yana ƙa'idar likita ba, da azahar ta yi ya ce bari ya mayar da ita nafila.

Akwai maganar da ta shahara a bakin masu wa'azi wadda ke haɗa azumi da samun lafiya, ana jingina ta ga Annabi (SAW). Malaman hadisi, irin su Hafiz Al'iraƙi da Shaikh Albani, sun raunana ta. Abin da ya fi ta ƙarfi shi ne hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib (RA) da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, wanda ya yi gargaɗi a kan cika ciki, ya kuma koyar da raba shi gida uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Abin da gwaje-gwajen Chicago da Guangzhou suka tarar bai wuce wannan ba: yawan abin da aka ci shi ne magana.

Shari'a ta kuma toshe ƙofar wuce gona da iri. An hana wisali, wato haɗa azumin yau da na gobe ba tare da buɗa-baki ba. An kwaɗaitar da sahur da gaggauta shan ruwa. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (RA) ya so ya riƙa azumi kullum, Annabi (SAW) ya tunatar da shi haƙƙin jikinsa da na iyalinsa, ya tsayar da shi a azumin Annabi Dawuda (AS), yini ɗaya azumi yini ɗaya ci. Da tsufa ya zo masa, ya yi fatan da ya karɓi sauƙin da aka fara ba shi. Saboda haka masu yaɗa cewa a yi kwana biyu ko uku ba ci ba sha don wanke jiki, ba su da madogara a addini, likitoci kuma suna gargaɗi a kai. A zafi da gumin Lome, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, rashin ruwa irin wannan yana iya taɓa ƙoda.

Waɗanda bai kamata su gwada ba

Na farko kuma mafi muhimmanci, mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin glibenclamide da gliclazide. Waɗannan magunguna suna saukar da sukarin jini ko an ci abinci ko ba a ci ba. Alamomin faɗuwar sukari su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, jiri da rikicewar tunani, kuma yana iya kaiwa ga suma ko rasa rai. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 a kan masu ciwon sukari fiye da 12,000 a Ramadan na 2001 ya nuna mummunar faɗuwar sukari ta ninka sau bakwai da rabi ga masu nau'i na biyu na ciwon. Ƙa'idar da ƙwararru suka fitar, ko a Ramadan, ita ce a karya azumi nan take idan sukari ya sauka ƙasa da 70 a na'urar awo, wato giram 0.70 a lita kamar yadda ake rubutawa a takardun awon jini a Togo, ko kuma idan ya haura 300, wato giram 3 a lita. Idan farilla ta samu wannan rangwame, ina ga abin da mutum ya ɗora wa kansa?

Sai mai juna biyu da mai shayarwa, da yara da matasan da ba su kai shekara 18 ba domin jikinsu yana kan girma. Ɗalibin da ya tafi makaranta ko islamiyya da cikin wofi don kwaikwayon wani a TikTok, karatunsa ne zai biya bashin. Haka tsofaffi masu rauni, da mai sikila, da mai ciwon ƙoda, da mai gyambon ciki, da wanda dama siriri ne. Haka wanda ya taɓa fama da larurar ƙin cin abinci don tsoron ƙiba, ko ci ba ƙaƙƙautawa sannan ya jawo amai, domin wannan tsari yana iya tayar da larurar.

Mai shan maganin hawan jini, musamman mai sa yawan fitsari, ya fara ganin likitansa. Mai shan maganin da ake so a haɗa da abinci shi ma haka. Misali, maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem ya fi shiga jiki idan an sha shi da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, don haka ranar jinya ba ranar ƙa'ida ba ce. Masu aikin ƙarfi, irin 'yan dako a Asigame da tashar jiragen ruwa, da masu tuƙa zemijan, su yi hattara da jiri, domin rayukan wasu na hannunsu.

Yadda mai lafiya zai gwada

Kafin komai, a je asibiti ko kantin magani a auna hawan jini da sukari, a hau ma'auni, a auna ƙugu, a rubuta a ajiye. Mutane da yawa suna yawo da hawan jini ko sukari ba su sani ba.

Sannan a fara da awa 12. A Lome magariba tana faɗawa wajen ƙarfe shida duk shekara. Idan aka ci abincin dare tsakanin magariba da isha'i, aka gama da ƙarfe bakwai, aka karya da bakwai na safe, awa 12 ta cika, rabinta ko fiye cikin barci. Bayan mako biyu, wanda ya ga jikinsa ya ɗauka sai ya kai karin kumallo ƙarfe tara, awa 14 ke nan. Wanda ya kai sha ɗaya ya yi awa 16, amma ba dole ba ne. Ibnu Khaldun ya lura tun ƙarni na 14, a Muƙaddimarsa, cewa jiki yana sabawa da ƙarancin abinci idan an bi shi a hankali, cutarwa tana zuwa ne idan an yanke masa lokaci guda. Sannu ba ta hana zuwa.

Rufe ci da wuri ya fi tsallake safiya a cika ciki da tsakar dare, domin jiki ya fi iya sarrafa sukari da rana. Wannan kuma aikin gida ne gaba ɗaya. Idan ba a sauke tukunya sai ƙarfe tara, maigida ya kawo cefane da wuri, a taimaka wa uwargida, kowa ya amfana.

A cikin awoyin ci, a gyara kwano. A rage malmalar tuwo ko akume ko fufu, a ƙara miyar ganye irin ayoyo da kuɓewa da kuka da zogale. A riƙa cin wake da ƙwai da kifi da wagashi da nono marar sukari, domin su ne ke riƙe ciki kuma suke kare tsoka. A wake da shinkafa, wake ya fi yawa, a rage taliya da mai da ake zubawa a kai. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, a tuna kuma dunƙulen magi gishiri ne mafi yawansa. Ruwa ya maye gurbin lemon kwalba.

A haɗa da tafiya. Minti 30 sau biyar a mako shi ne minti 150 ɗin da aka ambata. Zuwa masallaci a ƙafa sau biyar, da sauka daga zemijan kafin a ƙarasa gida, sun isa su cika wani kaso mai yawa.

Ciwon kai da ɗan kasala da saurin fushi a makon farko abu ne da aka saba gani, kuma yakan wuce. Amma jiri mai tsanani, ko suma, ko bugun zuciya, ko rikicewar al'ada ga mata, alamu ne na a dakata a ga likita. Rage rabin kilo a mako ya wadatar, saurin ramewa kuma yana iya jawo tsakuwa a matsarmama. Ranar suna ko ɗaurin aure ko walima, a ci tare da jama'a daidai gwargwado, gobe a koma kan tsari. Bayan wata uku a sake awo. Idan ƙugu ya ragu, jiki ya yi sauƙi, sai a ci gaba. Idan tsarin ya zama azaba, a bar shi a koma rage kwano sau uku a rana, tunda gwaji ya nuna duk hanya ɗaya suke ɓullewa.

Muna kira ga limamai da malaman islamiyyu na Zongo su riƙa sako maganar awon jini da sukari a cikin karatuttukansu, su kuma tura mai ciwo wurin likita kafin su ba shi fatawar azumin nafila. Jikin nan amana ne, da shi muke tsayuwar sallah, da shi muke neman abin da za mu ciyar da iyali. Lafiya uwar jiki ce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya albarka a abin da muke ci da sha, Ya karɓi ibadunmu. Allah ne Mafi sani.